Waccan ta Ɗakin Kaka

Matar jikana ta haifi ɗanta na fari bara, kuma tun ranar suna har yau sunan yaron nan bai huta a bakinta ba. Da safe ta kira shi, da rana ta kira shi, a tsakar gida, a gaban surukanta, a gaban kowa. Ta ɗaga shi sama ta sumbace shi, ta ɗauki hotonsa a waya ta aika wa mutanen da ba su tambaya ba. Ni ina zaune a tabarmata ƙarƙashin darbejiya ina kallo, wani lokaci in yi dariya, wani lokaci in kawar da kai, don har yanzu da sauran tsohuwar kunya a jikina. Ran Lahadin da aka keɓe wa iyaye mata a majami'armu ta nan Haɗeja, fasto ya ce kowace uwa ta ɗora hannu a kan ɗanta na fari ta sa masa albarka da sunansa. Mata suka miƙe cikin ankonsu, ana miƙa musu abin magana ɗaya bayan ɗaya, lasifika tana kai sunayen har bakin titi inda masu adaidaita suke jiran fasinja. Babu wadda muryarta ta yi rawa. Na ce a raina, da Kakata za ta leƙo daga inda take ta ga wannan, da ta ja mayafi ta rufe fuska ta koma.

Ni ba a cikin gari aka haife ni ba. Wani ɗan ƙauye ne a kan tudu cikin fadama, wanda idan damina ta yi nisa ruwa yakan zagaye shi ta ko'ina, sai da kwalekwale ake shiga ko fita. Ruwan nan ba ya yi mana bazata. Tsofaffi sukan dubi launinsa da irin ciyawar da ya kwaso, su ce a ɗauke awaki daga gangare, kuma yadda suka faɗa haka yake zuwa. Abin da kunnena ya fi riƙewa daga wancan zamani shi ne kukan kwaɗi da ba ya yankewa, da ƙarar gora idan masunta suka kwanta a kansa suna iyo, da ihun yara a kan rumfunan gona suna jan igiyar gwangwanaye don korar tsuntsayen jan-baki daga shinkafa. Mu 'yan mata aikinmu tsinko bado, mu fito daga ruwa ƙafafu duk matsattsaku, mu shanya, mu sussuka, sannan mu zauna gefen banda muna juya tarwaɗa har idanu su yi ja. Hayaƙin kifi ba ya fita daga zane ko an wanke. Yanzu idan jikana ya ɗauke ni a babur muka bi ta wajen, ciyawar kacalla ce ta toshe hanyoyin ruwan, shi kansa ruwan sai an sako shi daga madatsa yake zuwa, wata shekara ya yi kaɗan, wata ya kwashe gidaje. Duk inda ka juya injin ban-ruwa ne yake ta ƙara.

Kakanninmu gargajiya suke bi. Mahaifina ne ya tafi neman maganin ido wani asibitin mishan mai nisa, ya daɗe, ya dawo da ido ɗaya da sabuwar bangaskiya. A hankali wasu 'yan gidaje suka bi shi, har aka gina majami'a ta laka da jinka, wadda sai ka sunkuya za ka shiga. Ƙararrawarmu tsohuwar garma ce da aka rataye a jikin kanya. Mata suna buga tulu suna kaɗa caki, waƙa tana bin saman ruwa har ƙauyen tsallake. Maƙwabtanmu duk Musulmi ne, rijiya ɗaya muke sha, jirgi ɗaya muke shiga, kuma ungozomar da ta yanke cibiyar kowa a ƙauyen, namu da nasu, da carbinta take zuwa. Ran Sallah a aiko mana da nama, ran Kirsimeti mu aika da shinkafa da waina. An turo mana wani mai bishara, dogo siriri, muna ce masa Malam, shi ne mai karanta mana Littafi, don ban da shi babu mai iya haɗa baƙi sosai. Abubuwa da yawa sun canza a gidanmu. An daina kai kaza gindin tsamiya, an daina dafa giya, an koyi yin addu'a kafin a sa hannu a akushi. Amma kunyar ɗan fari ba ta motsa daga inda take ba, kuma ni ce 'yar fari.

Ga waɗanda ba su tarar ba, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, ba ta haɗa ido da shi a gaban mutane. Da an yaye shi sai a miƙa wa kaka. Ni a ɗakin Kaka, uwar mahaifina, na tashi, ɗakin da ke fuskantar na mahaifiyata da muke kira Iya, tsakar gida ɗaya, turmi ɗaya. Idan Iya tana son a kira ni sai ta ce wa ƙanena, "Je ka ce wa waccan ta ɗakin Kaka ta zo ta ɗauki tulu," ni kuwa ina tsaye a wurin, na ma fi shi kusa da ita. Akwai wata mata a ƙauyen mai suna irin nawa. Ita ma Iya ta daina kiran sunanta saboda ni, ta koma ce mata mai daddawa, alhali baiwar Allah tun kafin a haife ni ta bar sana'ar. Ba ƙiyayya ba ce, na san wannan tun ina ƙarama, don kan kifin da ya fi girma a kwanon Kaka yake sauka, kuma Kaka ba ta da haƙoran cinsa. Sanin dai bai hana ni jin zafi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne albarkar safe. Tun da Iya ta yi baftisma ta ɗauki wata ɗabi'a: duk ɗan da zai fita, gona ko kamun kifi ko kasuwar Haɗeja, sai ya durƙusa a bakin ɗakinta ta ɗora masa hannu a ka, ta kira sunansa, ta ce Ubangiji ya sa masa albarka, salamarsa ta raka shi ta dawo da shi. Ba ta iya karatu ba, amma ta ji Malam ya karanta yadda iyayen dā suke ɗora wa 'ya'yansu hannu, sai ta riƙe abin da hannu biyu. Ƙannena har gajiya suke yi, wani ya sulale ta bayan danga don kada a ɓata masa lokaci, ta aika a kamo shi. Ni kuwa in tsaya da ƙwarya a ka ina jiran su gama. Rabona shi ne ta dubi wani gefe ta ce, "A gaya wa waccan ta yi hankali da zurfin da ke wajen gorubar nan." Kaka takan yi nata ƙoƙarin, ta shafa mini goshi ta ce in je in dawo lafiya. Ina son Kaka ƙwarai, amma hannun Iya nake nema.

Malam ya lura da abin. Wata rana ya zo gaisuwa, ya zauna a kan kujera 'yar tsugunno, ya ce wa Kaka cikin ladabi, "Inna, a Littafi ɗan fari ma ake fara sa wa albarka. Da uwar yarinyar nan za ta riƙa haɗawa da ita, da ya yi kyau." Kaka tana saƙar kaba, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, ka hana mu giya mun bari, ka hana mu tsamiya mun bari. Yanzu kunyar ma so kake mu tuɓe mu ba ka? Uban yarinyar nan da kake gani da gemunsa, ban taɓa kiran sunansa ba, ga shi nan bai lalace ba." Malam ya yi dariya ya ce za a sake magana. Ba a sake ba, wataƙila don Kaka ce mai aika masa da bandar kifi. Iya tana bakin murhu, duk ta ji, sai ta ƙara sunkuyar da kai tana hura wutar da dama tana ci da kyau.

Na sa rai da ranar aurena. Wanda na aura masunci ne daga wani ƙauye wajen Auyo, mutum mai yawan shiru, ni na ce ina so aka ba ni. Na ɗauka ko ba komai ranar da zan bar gida Iya za ta daure ta yi. Ashe ranar ce kunyar take kai maƙura. Ita ta tara mini kwanuka da tasoshi, ita ta saƙa tabarmi, ita ta dafa duk abin da aka ci, amma da gari ya waye sai ta shige gidan maƙwabta, wai tana taya su surfe. A majami'a mahaifina da Kaka ne suka ɗora mini hannu. Da aka sa ni a kwalekwale na ɗaga mayafi na duba, na hango ta can bayan wani rumbu, ta ba kogi baya. Da wannan na shiga gidan miji, cewa cikin 'ya'yan Iya ni kaɗai ce na fita ba da albarkarta ba.

Da ciki ya tsufa na dawo gida haihuwa kamar yadda ake yi. Kaka ce ta yi mini wankan jego, Iya tana dafa ruwan ta ajiye a bakin makewayi ta juya. Namiji na haifa. Kada wani ya zaci na ce ni zan canza abin. Ina fa, na ma fi Iya iyawa. Da na koma ɗakina, idan da mutane, fuska a gefe nake ba shi nono. Idan ya yi kuka sai surukata ta yi magana sannan in ɗauka, ina ɓata rai kamar an sa ni aikin dole. "Yaron nan" nake ce masa ko mu biyu ne a ɗaki, don harshena bai san wata hanya ba. Mata suna yabona wai an ga 'yar gidan tarbiyya, ni kuma ina jin daɗin yabon. Yaro ne mai ƙiba, baƙi sumul, mai son ruwa. Idan uban ya dawo daga kogi sai ya rarrafa ya kama jelar kifi yana ƙyalƙyala dariya. Ya fara tatata, yakan kama gefen zanena ya miƙe, in zare hannunsa a hankali in ce wani ya zo ya ɗauki yaron nan.

Bazara ta shigo da ƙyanda. A wancan zamani allurar rigakafi ba ta iso ƙauyukanmu ba, idan cutar ta shiga gari gida-gida take bi. Yau 'yan mata sukan kai nasu asibiti a yi musu allura, su dawo suna mita wai layi ya yi tsawo, ni dai sai in dube su kawai. Jikinsa ya yi zafi, idanu suka rufe, ƙurajen suka fito, numfashi ya fara sarƙewa. Da hantsi ya rasu a cinyar surukata, ina tsaye a bakin ƙofa, don ba daidai ba ne a gan ni na rungume shi. Maza suka naɗe shi a farin ƙyalle suka tafi da shi, aka yi addu'a, aka dawo. Uwar ɗan fari ba ta kuka a gaban mutane. Na ɗauki taɓarya na daka geron da za a dama wa masu gaisuwa kunu, ana ce mini ya haƙuri ina cewa mun gode Allah. Babu wanda bai yabi dauriyata ba.

Daga nan abinci ya ƙi shiga. Ba ƙi nake yi ba, in na kai loma baki sai ta ƙi wucewa. Nono ya cika, ya yi tauri, ya ƙafe. Na daina magana sai dole. A majami'a idan aka ce a miƙa wa juna hannun salama, in miƙa nawa kamar itace. In na durƙusa addu'a sai in rasa ta inda zan fara, don ban san yadda zan yi wa Allah maganar yaron da ban taɓa kiran sunansa ba. Wani tunani kuma ya zauna mini daram: macen da uwarta ba ta sa mata albarka ba, da me za ta riƙe ɗa? Da hannu wofi na zo gidan nan, shi ya sa yaron ya zame mini. Ban gaya wa kowa ba. Na rame har awarwaro yana zamewa daga hannuna ya faɗa turmi. Mai gidana da ba ya magana ya dube ni wata safiya ya ce, "In na bar ki a nan, kusa da shi zan binne ki. Tashi in kai ki gida." Lokacin kogi ya janye, babu buƙatar jirgi. A jaki ya ɗora ni, muka bi ta fadamar da ta bushe ta tsattsage, muka ratsa sauran ruwan da bai wuce gwiwa ba.

Kaka ce ta tarbe ni. Iya ta fito da ludayi a hannu, ta yi mini kallo ɗaya ta koma madafa. Sai abinci ya fara fitowa, kunun tsamiya, romon kifi, tuwon bado da nake so tun ina yarinya. Ƙanwata ce mai kawowa, ta ce, "Iya ta ce a ba waccan." Yadda aka kawo haka ake mayarwa. Ungozoma ta zo ta buɗe idona ta duba, ta ce wannan ba ciwon jiki ba ne. Malam ya zo ya yi addu'a mai tsawo, ya ce yaron yana wuri mai kyau, na ce amin. Kaka ta ce, "Mata nawa suka rasa na fari suka daure? Ki ci abinci, wani na tafe." Duk gaskiya suka faɗa, ba ta dai shige ni ba, kuma kullum ƙara zubewa nake.

Ana cikin haka Juma'ar tunawa da mutuwar Almasihu ta zo. Ƙannena suka riƙe ni zuwa majami'a, don Kaka ta ce ba za a bar ni ni kaɗai a gida ba. Zafi ya yi tsanani, kuma ran nan ba a buga tulu, ba ka jin komai sai kurciya a kan kanya. Malam ya karanta labarin a hankali, yatsa a kan layi, har ya zo inda mahaifiyar Ubangiji take tsaye kusa da gicciye, shi kuma cikin azabarsa ya dube ta, ya danƙa ta a hannun ɗaya daga cikin mabiyansa. Duk shekara ake karanta wurin nan, kuma Malam bai tsaya a kansa ba, a kan gafarar zunubi ya yi wa'azinsa. Ni kaina yana jingine da bango, maganar tana wucewa ta sama. Amma na ga Iya a gefen mata ta ɗago kai, abin da ba ta saba ba, ta zuba wa Malam ido har aka tashi.

Da la'asar ina kwance a tabarma a ƙofar ɗakin Kaka, ita tana gefe tana saƙarta, ƙannena mata da wasu maƙwabta suna tsintar shinkafa a faifai. Iya ta fito daga madafa, ta goge hannu a zane, ta zo ta durƙusa a gaban Kaka.

Ta ce, "Inna, ki gafarce ni. Yau zan yi rashin kunya a gabanki."

Kaka ta ce, "Wace irin magana ce wannan da girmanki?"

Iya ta ce, "Kin ji abin da Malam ya karanta. Uwar Ubangijinmu ɗan fari aka kashe mata. A tsaye take a wurin, kowa yana ganinta, shi ma yana ganinta. Ba a ce ta tafi daka ba."

Masu tsintar shinkafa suka tsaya. Kaka ta ce, "Mu dai ba haka muka gada ba."

"Na sani, Inna. Amma yarinyar nan mutuwa za ta yi muna kallo."

Na ɗauka Kaka tashi za ta yi. Can sai ta jawo kaba, ta juya ta fuskanci bango, ta ce, "Ni kwanan nan kunnena ya yi nauyi. Ba komai nake ji ba."

Iya ta matso da gwiwa har bakin tabarmata. Ban taɓa ganin fuskarta kusa haka ba, har sai ran nan na san tana da ɗan tabo a gefen gira. Ta dubi ƙasa, gumi yana bin wuyanta. Sannan ta ɗora hannu a kaina, hannu mai kaushi da ƙamshin hayaƙi, ta ce, "Rahila."

A hankali ta faɗa, kuma ba daidai yadda kowa yake faɗa ba, kamar mai ɗanɗana miyar da ba ta taɓa ci ba. Ta ce, "Rahila, ni na haife ki. Ubangiji ya sa miki albarka, salamarsa ta zauna a kanki. Ban taɓa hana ki ba, bakina ne ya yi nauyi."

Na tambaye ta abin da yake cina. Na ce, "Iya, don ba ki sa mini albarka ba ne ya mutu?"

Ta ce, "Ƙyanda ce ta kashe shi. Ni ma ta taɓa ɗaukar mini ɗaya, kin sani, kuma shi kullum sai na ɗora masa hannu. Ki cire wannan a ranki." Hannunta yana nan a kaina bai motsa ba. Ta ce, "Wa aka ce sunansa?"

Na ce, "Kin sani, Iya."

"Na sani. A bakinki nake so in ji."

Na duba mutanen da ke tsakar gida, duk sun sunkuyar da kai. Harshena ya yi mini nauyi kamar ba nawa ba. Iya ba ta matsa mini ba, ba ta kuma janye ba, jira kawai take. Na ce, "Iliya."

Ta ce, "Sake faɗa."

Na sake, da ƙarfi wannan karon, kuma daga nan ban san iya abin da na yi ba. An ce har bakin rijiya aka ji kukana. Na kira shi, na gaya masa na ga lokacin da ya miƙe da ƙafafunsa, na ga haƙoransa da suka fito, duk ina gani, kawar da kai kawai nake yi. Iya ta ja kaina ta ɗora a cinyarta, tana kuka ita ma, a gaban surukarta da 'ya'yanta da maƙwabta. Babu wanda ya ce mu yi haƙuri. Kaka tana fuskantar bango, hannunta yana kan kaba, amma saƙar ba ta ƙaru ba. Da na gaji na yi shiru, rana ta kusa faɗuwa, sai na ji wani abu da na manta da shi, wato yunwa. Aka kawo kunu, Iya ta riƙe mini ƙwaryar na sha har ƙasa.

Washegari da safe na ji muryarta daga madafa tana ce wa ƙanwata, "Duba ko waccan ta tashi, a kai mata koko." Kunya ta koma mazauninta. Matan ƙauye sun daɗe suna tsokanarta da abin, takan ja mayafi ta ce su rufa mata asiri. Har ta koma ga Ubangiji ba ta sake kiran sunana ba, ni ma ban sake nema ba, don wanda ta ba ni ya ishe ni. Da na yi ƙarfi mai gidana ya zo da jakinsa muka koma, Allah kuma ya ba mu wasu 'ya'yan, suka girma, yau ga jikoki har da tattaɓa-kunne. A wajenmu ba a lissafa wanda ya tafi yana jariri, kuma cikin waɗanda suka ga fuskarsa ni kaɗai na rage. Amma duk wanda ya tambaye ni 'ya'yana, da Iliya nake farawa.